"Da Sauƙi": Raɗaɗin Tiyatar Ƙoda da Allurar da Ba Ta Jiran Kuka

Babu amsar da ta fi yawa a bakin Bahaushe maras lafiya kamar "da sauƙi". Mai ciwon kai ita yake faɗa, wanda mota ta buge ita yake faɗa, tsohon da 'ya'yansa suka kewaye suna tofa masa addu'a ma, in dai bakinsa na motsi, ita za a ji. Tambayar "yaya jiki?" gaisuwa ce, amsarta kuma ladabi ne da kyautata zato ga Ubangiji, ba wanda yake ɗaukarta a matsayin bayanin halin da jiki yake ciki. A zaure ko a tsakar gida hakan ba ya cutar da kowa. Amma a ɗakin da ake kwantar da waɗanda aka fito da su daga tiyata, inda nas ɗaya take zagaya gadaje masu yawa da tsakar dare, wannan amsa takan jawo wa mai ita wahalar da ba dole ba. Yadda ake ba da maganin zafi a yawancin asibitocinmu ya dogara ne a kan maras lafiya ya koka, mu kuwa an raine mu a kan kada mu koka.

A wannan makon zan yi magana ne a kan tiyatar ƙoda, da wata allura da likitoci suke yi wa jijiyoyin da ke ɗauke da saƙon zafi tun maras lafiya bai farka ba. Abin ya shafe ni, domin dangin mahaifiyata mutanen ƙasar Tudun Wada ne, kuma sau biyu ina kwana a gefen gadon wanda aka tsaga wa kwiɓi.

Daga gona zuwa ɗakin tiyata

Bebeji da Ƙiru da Tudun Wada da Doguwa ƙasar noma ce. Wanda ya baro titin Zariya a Kwanar Ɗangora ya miƙa kudu zai yi ta ratsa gonakin masara da shinkafa da rake, ya wuce Tudun Wadar Ɗankadai da injinan casar shinkafarta, ya keta dajin Falgore, har ya kai duwatsun Riruwai. Mutumin da yake wuni a rana yana zuba gumi, ruwan da yake sha kuma bai kai wanda yake fita daga jikinsa ba, fitsarinsa yakan yi kauri. A cikin fitsari mai kauri ne gishirin jiki yake dunƙulewa ya zama tsakuwar ƙoda. Ga kuma tsargiya, wadda ta saba bin ruwan da yake kwance a tafkuna da magudanan noman rani, irin waɗanda suka yawaita tun bayan da aka kammala madatsar ruwa ta Tiga a 1974, zamanin Gwamna Audu Baƙo. Tsargiyar da ta daɗe ba a magance ta ba tana barin tabo a mafitsara da bututun da yake sauko da fitsari daga ƙoda, tabon kuwa yakan ƙuntata hanya.

Ko tsakuwa ce ta toshe bututun ko tabo, sakamakon ɗaya ne. Fitsari yana taruwa a baya, ƙoda tana kumbura, namanta yana sirancewa a hankali, har ta daina aiki. Da yake ɗaya ƙodar tana ɗauke nauyin 'yar'uwarta ba tare da ƙorafi ba, mutum yakan shekara da shekaru yana jin ciwon kwiɓi mai zuwa yana tafiya, yana shan jiƙo da ƙwayoyin kemis, kafin wani ya ce a je a yi hoto.

Irin wannan aiki a birnin Kano ake yin mafi yawansa. A can ne Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano yake, wanda ya fara dashen ƙoda tun 2002, a can ne kuma asibitin mafitsara na Abubakar Imam yake, da sauran manyan asibitocin gwamnati da na kuɗi. Saboda haka mutumin Doguwa da za a cire wa ƙoda baƙo ne a inda yake kwance. Ya sayar da buhunan masara ko ɗan bijimi, ya bar gona a hannun yara, kuma abin da ya fi so a duniya shi ne a sallame shi da wuri. Wanda yake cikin wannan hali ba zai so likita ya ji cewa akwai sauran damuwa ba.

Abin da wuƙa take ratsawa

Ƙoda tana can baya, a gefen ƙashin baya, rabinta a ɓoye ƙarƙashin haƙarƙari na ƙarshe. Tun da Gustav Simon ya cire ƙodar wata mata a birnin Heidelberg na Jamus a 1869 ta kuma rayu, hanyar da aka fi bi wajen isa gare ta ita ce a kwantar da mutum a gefe guda, a tsaga kwiɓinsa tsaga mai tsawo kusa da haƙarƙari na 11 ko na 12, a ratsa tsoka hawa uku, wani lokaci har a gutsure haƙarƙarin. A 1990 Ralph Clayman ya cire ƙoda ta 'yan ƙananan huda a Amurka, da taimakon kyamara, kuma wannan hanya ta rage wahala ƙwarai a inda ake da kayanta. Amma ƙodar da ta kumbura ta manne da abin da ke kewaye da ita, irin wadda mutanenmu suke zuwa da ita a makare, sau da yawa sai an buɗe.

Abin da ya sa wannan yanka ya fi wasu zafi shi ne wurin da yake. Tsokar kwiɓi ba ta hutu. Da ita ake numfashi, da ita ake tari, da ita ake juyawa a gado, da ita ake tashi zaune. Wanda aka yi wa aiki a ƙafa zai iya ajiye ƙafar. Wanda aka yi wa a kwiɓi kuwa kowane numfashi yana jan ɗinkin, don haka jikinsa da kansa yake koyon numfashi sama-sama, ya kuma guji tari. Sai ƙasan huhu ya ƙi buɗewa, majina ta kwanta a ciki, bayan kwana biyu ko uku zazzaɓi ya biyo, wani lokaci har ya zama ciwon huhu. Wanda zafi ya hana shi tashi ya taka kuma yana cikin haɗarin jini ya daskare a jijiyoyin ƙafarsa. Zafi mai tsanani yana ɗaga hawan jini da bugun zuciya, yana hana barci, yana hana cin abinci. Wasu kuma, ko bayan ciwon ya warke, zafin wurin yakan zauna musu watanni ko shekaru, kuma likitoci sun lura cewa waɗanda suka sha tsananin zafi a kwanakin farko sun fi faɗawa cikin wannan.

Kawuna, ƙanen mahaifiyata, shi ne na farko da na yi jinya. Manomi ne, mutum ne da ban taɓa jin ya ce "wash" ba, ko ranar da fartanya ta sare masa yatsa. An cire masa ƙodar dama a wani asibiti a cikin birni, aikin kuma ya yi kyau. A daren farko na zauna ina kallonsa. Ya damƙe ƙarfen gado da hannu ɗaya, gumi yana tsattsafo masa a goshi duk da sanyin dare, numfashinsa gajere kamar na wanda ya yi gudu. Nas ta zo wajen ƙarfe ɗaya ta ce, "Baba, yaya jiki?" Ya ce, "Da sauƙi, 'yata, Allah ya yi miki albarka." Na bi ta na gaya mata abin da nake gani, ta duba takarda ta ce lokacin allurarsa bai yi ba, kuma ga shi da bakinsa ya ce da sauƙi. Ba ta yi wani abu da ya saɓa wa abin da aka rubuta mata ba, kuma ita kaɗai ce a ɗakin. Da na dawo, Kawu ya ja hannuna ya ce a hankali, "Ɗan nan, kada ka ƙara damun yarinyar mutane. Wanda aka yanka ai dole ya ji." A rana ta uku zazzaɓi ya kama shi, aka ce ƙirji ne, aka ƙara masa kwanaki da kuɗin magani.

Magungunan da ƙoda ba ta so

Mai karatu zai iya cewa ai sai a ƙara masa maganin zafi. A nan ne tiyatar ƙoda ta bambanta da sauran. Mafi yawan magungunan kashe zafi ta ƙoda suke fita daga jiki, wasu kuma ita kanta suke taɓawa.

Dangin diklofenak da ibufurofen, waɗanda suka cika kowane kemis daga Bebeji zuwa Doguwa, suna kashe zafi ne ta hanyar hana jiki haɗa wasu sinadarai masu jawo kumburi. Sai dai waɗannan sinadarai su ne kuma suke buɗe hanyoyin jinin da ke shiga ƙoda a lokacin da jiki ya rasa ruwa ko jini. Mai ƙoda biyu lafiyayyu yakan sha na 'yan kwanaki ya wuce lafiya. Wanda ya rage da ƙoda ɗaya, ya zubar da jini a tiyata, bai kuma fara cin abinci da shan ruwa sosai ba, wannan magani yana iya durƙusar masa da wadda ta rage.

Mofin da danginsa ba sa lalata ƙoda, amma abin da hanta take mayar da mofin ƙoda ce take fitar da shi. Idan ta yi rauni sai ya taru a jini, ya jawo barci mai nauyi da raguwar numfashi. Ga tashin zuciya, da amai, da ƙullewar ciki, alhali amai ga mai ɗinki a kwiɓi azaba ce ta daban. Tiramadol ma sai an rage yawansa ga mai raunin ƙoda. Farasitamol ne ya fi aminci, amma shi kaɗai ba ya isa ga yanka irin wannan a kwanakin farko.

Ko mofin ɗin ma ba kullum ake samunsa ba. Wani kwamitin masana da mujallar likitanci ta Lancet ta kafa ya bayyana a 2017 cewa rabin mutanen duniya mafi talauci ba sa samun fiye da kashi 1 cikin 100 na irin waɗannan magunguna da ake rarrabawa a duniya, Najeriya kuwa tana can ƙasa a jerin. A lokaci guda kuma muna fama da shaye-shayen danginsu a kan titi. Binciken da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai kula da miyagun ƙwayoyi ya yi a 2018 ya ƙiyasta cewa 'yan Najeriya miliyan 4.6 suna shan tiramadol da kodin da makamantansu ba bisa umarnin likita ba, kuma a watan Mayun shekarar ne gwamnatin tarayya ta haramta maganin tari mai kodin. A Kano kowa ya san gidan da wannan annoba ta shiga. Saboda haka likita yana ɗari-ɗarin rubutawa, dangi suna ɗari-ɗarin a ba nasu, maras lafiya kuma yana tsakiya yana cewa da sauƙi.

Bayan an sallami Kawu, mun ɗauko shi a motar haya, yana riƙe da matashi a kwiɓinsa, kowane rami a hanya yana bayyana a fuskarsa. A ƙauye zafin bai bar shi ya yi barci ba, sai ya aiki yaro kemis aka haɗo masa ƙwayoyi a leda, babu kwali babu suna. Da ya koma ganin likita bayan mako biyu gwajin jini ya nuna ƙodar tana wahala. Likitan ya zazzage ledar a kan tebur, ya ware wasu ƙwayoyi gefe guda ya ce, "Baba, waɗannan da kai kun rabu har abada." Allah ya taimaka abin bai yi nisa ba, ƙodar ta farfaɗo. Da an ƙara wata guda a haka, wataƙila maganar wankin ƙoda ake yi, kuma duk wanda ya san abin da wankin ƙoda yake ci a mako ya san cewa gonar Kawu ba za ta ɗauka ba.

Datse jijiya

A Hausa kalmar jijiya ta haɗa abubuwa da yawa: wadda jini yake bi, da wadda take ɗaure tsoka da ƙashi, da wadda take kai saƙo ƙwaƙwalwa. Ta ukun nake nufi. Zafi saƙo ne. Idan an yanka fata da tsoka, jijiyoyin wurin suna aika sanarwa ta lakar ƙashin baya zuwa ƙwaƙwalwa, sai ta isa can ne mutum yake jin raɗaɗi. Saƙon yana tafiya ne ta hanyar wasu ƙananan ƙofofi a jikin jijiyar da suke buɗewa sinadarin sodiyam ya shiga, ɗaya bayan ɗaya, har ƙarshen layi. Magungunan da ake kira lidoken da bufibaken suna rufe waɗannan ƙofofi na ɗan lokaci. Wanda aka taɓa cire wa haƙori ko aka yi wa ɗinki a goshi ya san aikinsu.

Hikimar ita ce a kai maganin inda jijiyoyin suka taru, kafin su rarrabu. Mai noman rani a ƙasar Tiga ya san cewa ba sai ya bi kowane fangali yana tare ruwa ba, idan ya datse babbar magudana guda duk na ƙasa sun tsaya. Shi ya sa nake kiran wannan aiki allurar datse jijiya. Na guji cewa "kashe jijiya", domin kalmar tana tsorata mutane, kuma jijiyar ba ta mutuwa. Da maganin ya sake ta take komawa aikinta.

Ilimin ya haura shekara ɗari. A 1884 Carl Koller, wani matashin likita a birnin Vienna, ya nuna cewa ɗigon koken yana kashe zafin ido har a yi masa aiki, kuma ba da jimawa ba William Halsted a New York ya fara zuba shi kai tsaye a kan jijiyoyi. A 1898 August Bier ya yi allurar ƙashin baya ta farko a Jamus, irin wadda matanmu da aka yi wa tiyatar haihuwa suka sani. A 1905 Hugo Sellheim ya gwada zuba magani a gefen ƙashin baya, daidai inda jijiyoyi suke fitowa. An haɗa lidoken a Suwidin a 1943, bufibaken kuma, wanda ya fi shi daɗewa a jiki, ya shiga hannun likitoci a shekarun 1960. Dukansu biyu suna cikin jerin magungunan da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce wajibi ne kowace ƙasa ta tanada, kuma ba su da tsada.

Jijiyoyin da suke kula da ƙoda da kwiɓi suna fitowa ne daga ƙasan ƙashin bayan ƙirji zuwa farkon na kwankwaso, kuma ana iya tare su a wurare da dama. Ana iya saka siririn bututu kusa da laka, a riƙa tura magani a hankali har kwana biyu ko uku. Wannan ya fi ƙarfi, amma yana iya saukar da hawan jini, yana kuma bukatar a sa ido sosai. Ana iya zuba maganin a gefen ƙashin baya, ɓangaren da aka yi aikin kaɗai, kamar yadda Sellheim ya fara. Ana iya bin ƙarƙashin haƙarƙari ɗaya bayan ɗaya. Sai kuma sababbin hanyoyi da suke zuba maganin tsakanin hawa-hawan tsoka, ya malala ya sami jijiyoyin da suke ratsa wurin: Rafael Blanco ya bayyana ta tsokar kwankwaso a 2007, Mauricio Forero da abokan aikinsa a Kanada suka bayyana ta doguwar tsokar baya a 2016.

Abin da ya kawo wannan ci gaba shi ne na'urar sikanin, ita dai wadda ake duba masu juna biyu da ita. Da can likita yana lalube ne da yatsa da sanin tsarin jiki. Yanzu yana ganin tsoka da ƙashi da tantanin huhu a allo, yana ganin bakin allurar tana shiga, yana ganin maganin yana buɗe wuri. Gwaje-gwajen da aka yi a ƙasashe da dama a kan masu tiyatar ƙoda sun nuna abu iri ɗaya: waɗanda aka datse wa jijiya sun fi samun sauƙi a yinin farko, kuma mofin da suke bukata ya ragu.

Ga mu kuwa akwai wata fa'ida da waɗannan gwaje-gwaje ba su auna ba. Allurar ba ta jiran a tambayi maras lafiya. Ana yin ta ne a ɗakin tiyata, kafin a fara aiki ko da an gama, don haka mutum yana farkawa ya tarar an riga an tare masa hanya. Kunyarsa da dauriyarsa da tausayin da yake yi wa nas ba su da damar hana shi magani.

Shekaru kaɗan bayan na Kawu aka yi wa gwaggona aikin tsakuwa a wani asibitin daban, ita ma ta kwiɓi. Likitan sa barci ya zo da yamma kafin ranar, ya zauna ya yi mata bayani da Hausa. Ta ce, "Likita, ba irin allurar nan ba ce da ake cewa tana shanye ƙafa?" Ya ce, "A'a, Hajiya, gefe ɗaya kawai zai yi nauyi kamar an danne shi, gobe kuma zai sake." Da yammacin ranar aikin na tarar da ita a jingine da matashi tana faɗan an bar mata butar alwala nesa. Ta yi tari a gabana ba ta riƙe ciki ba. Wajen asuba maganin ya fara sakinta, ta ji wurin sosai, amma an riga an sa mata farasitamol tun cikin dare bisa tsari, don haka zafin bai auko mata gaba ɗaya ba. Washegari ta taka zuwa bakin ƙofa. Mutum biyu ba hujja ba ne a ilimin likita, aikinsu ma ba iri ɗaya ba ne. Amma abin da na gani a gadonta ya yi daidai da abin da masu bincike suka rubuta.

Iyakarta

Allurar tana da iyaka, kuma ya kamata a san ta. Idan sau ɗaya aka yi, awowi take yi, yawanci ba ta kai yini da kwana ba. Wanda ba a shirya masa abin da zai biyo baya ba zai iya shan wuya a dare na biyu fiye da yadda ya zata. Ba ta kuma ɗauke zafi duka, domin ciwon da yake tasowa daga can cikin ciki, da damuwar robar fitsari, suna bin wasu hanyoyin. Wani lokaci maganin ba ya malala inda ake so, sai a koma wa wata dabara. Akwai haɗari kuma, ko da yake ba kasafai ba. Allurar da aka yi kusa da haƙarƙari tana iya huda tantanin huhu. Idan maganin ya yi yawa ko ya shiga jijiyar jini yana iya jawo farfaɗiya ko rikicewar bugun zuciya, shi ya sa ake auna shi da nauyin mutum, ake kuma tanadar wani ruwan kitse da ake ƙara wa jini don ya tsotse shi. Wanda jininsa ba ya daskarewa da wuri, ko yake shan maganin tsinka jini, ba kowace iri ake yi masa ba. Don haka aiki ne na wanda ya koya, a wurin da aka shirya wa abin da ka iya tasowa.

Waɗanda suka koya ɗin ne suka yi ƙaranci. Ƙungiyar likitocin sa barci ta duniya ta ce kowane mutum 100,000 suna bukatar aƙalla likita 5 na wannan fanni, ƙididdigarta ta 2017 kuwa ta nuna Najeriya ba ta da ko ɗaya cikakke ga wannan adadi. 'Yan kaɗan ɗin da ake da su suna manyan birane, wasu kuma suna ficewa ƙasashen waje. A asibitocin ƙananan hukumomi, nas-nas da suka sami horon sa barci ne suke riƙe da ɗakin tiyata.

Duk da haka ba sai an jira komai ya cika ba. Likitan da yake aikin yana ganin haƙarƙari da tsokar da ya tsaga da idonsa, kuma yana iya zuba bufibaken a ƙarƙashin haƙarƙarin da gefen yankan kafin ya ɗinke, ba tare da wata na'ura ba. Na'urar sikanin ma yanzu akwai ƙarama da ake haɗawa da waya. Abin da ya fi tsada shi ne horo, da asibiti ya mayar da abin ƙa'ida, ba sai wanda ya yi sa'ar likita ba. A 2010 masana ilimin zafi na duniya sun yi shela a birnin Montreal cewa samun maganin zafi haƙƙin ɗan'adam ne. Kafin wannan magana ta iso gadon manomin Ƙiru, sai hukumomin asibitoci sun riƙa ƙidaya zafi cikin abubuwan da ake aunawa ana rubutawa, kamar zazzaɓi da hawan jini.

Abin da ke hannun mai jinya

Haƙuri ɗabi'a ce mai daraja, kuma ba na fatan mu rabu da ita. Amma haƙuri da abin da ba shi da magani daban ne da ɓoye wa likita abin da yake da magani. Tunda dattijanmu ba za su canza amsarsu a dare ɗaya ba, nauyin ya koma kan wanda yake zaune a gefen gado.

Kafin ranar aiki, a nemi ganin likitan sa barci, a tambaye shi yadda za a kula da zafi bayan an fito, ko ana datse jijiya a asibitin, da abin da za a bayar idan ta sake. A gaya masa duk maganin da maras lafiya yake sha, har na gargajiya da na kemis, har tiramadol in yana sha, domin ɓoyewa tana ɓata lissafin likita. Bayan aiki, kada a tsaya ga "yaya jiki?". A ce ya ja dogon numfashi, a ce ya yi tari, a ce ya juya. Idan ya kasa, abin da za a gaya wa nas ke nan, da waɗannan kalmomi: ba ya iya tari, ba ya iya jan numfashi. Ranar sallama kuma kada a bar asibiti sai an karɓi takarda mai ɗauke da sunan maganin zafin da zai sha a gida da sunayen waɗanda aka hana shi, a rubuce yadda mai kemis na ƙauye zai iya karantawa. A sha maganin kafin a shiga mota, domin tafiyar Doguwa doguwa ce. Kuma duk yaron da za a aika sayen magani a gidan, a tabbata ya san cewa Baba ƙodarsa ɗaya ce.